Cokalin Inna Mai Hannun Keke

Duk layinmu babu wanda ya san babana da wani suna sai Mai Keke. Ni kaina sai da na shiga makaranta, malama ta ce kowa ya faɗi sunan ubansa, na faɗi nawa aji ya kwashe da dariya, sannan na gane ashe yana da wani sunan a ajiye. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Ƙofar ƙarfe, benci guda, tayoyi a rataye har saman rufi. Shekara arba'in da 'yan kai yana wurin. In an kawo masa keke ba ya tambayar mai shi abin da ya lalace. Kifa shi yake yi a kan sirdinsa, ya kaɗa tayar baya da tafin hannu, ya lumshe ido yana saurare. Tayar tana juyawa, hasken hantsi yana ratsa wayoyinta yana yawo a bango, shi kuwa yana tsugune shiru har sai ta tsaya don kanta. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Boris ɗin cibiyar taya ne," ko kuma, "Sarƙar ce ta gaji." Da wuya ya yi kuskure.

Na sha yin barci a kan bencin nan ina yarinya. Warin giris da na sholishon facin taya, da ƙarar tayar nan tik-tik-tik tana raguwa a hankali, babu abin da ya fi su saurin sa ni gyangyaɗi. Har yau in keke ya wuce mai shi ya saki feda, sai idona ya yi nauyi, ko da ina tsakiyar aji ne ina koyarwa.

Innata kuwa ɗinki take yi, kuma Tela ne sunan da Baba yake kiranta da shi. Gidanmu kowa da kekensa, in ji ta: nasa yana zuwa ko'ina bai kawo komai ba, nata yana zaune wuri ɗaya yana ciyar da gida. Baba ba ya musu, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Ni kaɗai suka haifa, kuma ban gado sanyin halin ko ɗayansu ba. Barkono suke ce mini, ban kuwa taɓa cewa sun zalunce ni ba.

Ciwon bai shigo da sallama ba. Da farko zare ne ya fara ƙin shiga allura, ta ce ido ne. Sai almakashi ya fara yi mata nauyi. Daga nan yatsun suka kumbura gaɓa-gaɓa, suka fara karkacewa gefe ɗaya, babban yatsa ya daina haɗuwa da ɗan'uwansa. Gwiwa ma ta bi sahu. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya rubuta magani, ya ce lallaɓa shi ake yi, ba ya tafiya. Ta rufe kekenta da wani tsohon zane, ta ɗora masa kwandon zare a ka. Shekara uku ke nan ba a buɗe shi ba.

Ni ina gidan mijina a wani gari, tafiyar awa huɗu a mota. Duk ranar da na kira waya amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, da sauƙi." Na yarda don ina son in yarda. Sai ranar nan maƙwabciyarmu, matar direba, ta kira ni. Ta ce ta shiga aron rariya da azahar, ta tarar da Inna zaune a kan 'yar kujera gaban famfon kicin, kofi a cinya, tun safe ba ta sha ruwa ba. Famfo ya ƙi buɗuwa, kwalbar magani ta ƙi buɗuwa. Ba ta kira kowa ba. Tana zaune kawai tana kallon famfon.

Kashegari ko karyawa ban yi ba na shiga mota. Na iske su biyun a tsakar gida, ban ko gama gaisuwa ba na fara.

"Baba, zan tafi da ita. Kai kana shago tun safe har magariba, ita tana nan ƙishirwa na cinta a gaban ruwa. Wannan wane irin zama ne? Ɗaki na nan kusa da nawa, babu abin da za ta ɗaga."

Baba ya dubi ƙasa. Inna ta ce, "Ke Barkono, sauke jakar tukuna."

"Ba zan sauke ba."

"To riƙe ta, ai ke hannunki lafiyarsa ƙalau."

Baba ya daɗe yana murza babban yatsansa a tafin hannu. Can ya ce, "Yaushe za ku yi hutu?"

"Saura wata biyu."

"Ki ba ni wata biyun nan. Matar direba za ta riƙa leƙo ta. In kin dawo ki zauna kwana bakwai ki sa ido. In ba ta iya riƙe kanta daga safe zuwa yamma ba tare da wani ya sa mata hannu ba, ni da kaina zan sa ta a mota."

Inna ta dube shi ta dube ni. "Ana cinikina ina zaune," in ji ta. Sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, ba ta kallon kowa, "Ni dai ɗakin nan aka kawo ni. Na san inda rana ke faɗowa a cikinsa kowane lokaci. Ba na son koyon wani ɗakin."

Na ji maganar har cikin raina, amma na yi kamar ban ji ba. Na ce wata biyu, ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba.

Ranar da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji warin shagon Baba a cikin gidanmu. Na tsaya na ɗan lokaci ban san inda nake ba, ko shekaruna nawa.

Inna tana cin abinci da kanta. Cokalin da ke hannunta an zura masa jar robar hannun keke, irin mai gurbin yatsu, ya yi kauri yadda ba sai ta dunƙule hannu ba kafin ta riƙe shi. Ta ɗaga mini shi sama tana dariya. "Kin ga motata. Saura ƙararrawa."

"Ƙararrawar tana banɗaki," in ji Baba.

Da gaske yake. A bangon banɗaki ya ɗaure kan keke sukutum, hannu biyu, daidai inda za ta kama ta miƙe, da 'yar ƙararrawarsa a maƙale ko za a buƙata. Kujerarta ta tsakar gida ya ƙara mata tsawo da katako, ta daina faɗawa ciki kamar rijiya. Wuƙa da burushin haƙori duk sun sami robar hannu, kowanne da launinsa. Mataji ya yi masa doguwar ƙota mai lanƙwasa, tana kai shi ƙeya ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba. Butar shayi kuwa a kan cibiyar taya ya ɗora ta, cikin wani ɗan kwandon ƙarfe. Da bayan hannu take tura ta, sai butar ta sunkuya a hankali ta zuba, ta sake ta, ta koma ta zauna. Na tsaya ina tura ta ina sakewa ya fi sau goma, ni da nake da 'ya'ya uku.

Wanda ya fi burge Inna shi ne na maɓalli. Wayar taya ce guda ɗaya ya lanƙwasa ta zama kamar idon allura babba, ya dasa ta a ƙotar katako. Ta zura ta cikin ramin maɓallin, ta kamo maɓallin, ta jawo, shi ke nan riga ta rufu. Ta ce, "Shekara talatin ina ɗinka wa mutane maɓalli, sai ga Mai Keke ne zai koya mini sa shi." Akwai kuma wata doguwar sanda mai hannun birki a sama da baki biyu a ƙasa. In ta matse birkin da tafin hannu, bakin ya cafke abin da ya faɗi. An yi ta ne don ɗauko ɗankwali da silifas, amma a kwana bakwai ɗin nan ta fi amfani da ita wajen kamo bakin zanena in zan wuce.

Na tambayi Baba yadda ya san kaurin da zai yi mata daidai. Ya ce sabulu ya jiƙa har ya yi laushi, ya sa ta damƙa iya ƙarfinta, ya bar shi ya bushe, da shi yake gwada komai. Sabulun yana nan a kan taga, da shatin yatsunta huɗu a karkace. Inna ta ce ba shi ke nan ba. Ta ce wata rana ya kama hannunta ya lumshe ido yana juya wuyan hannun a hankali, yana saurare. "Na ce masa, Mai Keke, boris ne ko sarƙa? Ya ce in yi shiru ina hana shi ji."

Rana tsaka a gidan nan tana da wani irin tsawo. Baba yana shago, titi ya yi tsit, inuwar igiyar shanya tana rarrafe a ƙasa. Inna tana zaune a doguwar kujerarta, hannuwanta a cinya cikin ruwan ɗumi, tana magana kamar mai barci ido buɗe. Ta ce takan yi mafarki hannuwanta sun tashi sun bar ta a kwance, sun je sun yaye zanen keken ɗinki, suna ta aiki su kaɗai, ita tana jin ƙarar daga nesa. Yadin da suke ɗinkawa ba shi da ƙarshe, yana fita ta ƙofa yana bin layi. "Da asuba sai su dawo a gajiye su kwanta. Shi ya sa da safe ba sa jin magana."

Safiyar kuwa ita ce matsalar. Abu uku suka gagare ta: famfon kicin, kwalbar magani, da kwalbar sukari. Baba ya yi wa famfon dogon hannu da sandar feda, ya yanko mata faifan roba daga robar cikin taya don riƙe murfi. Duk da haka, safiya ta farko na tsaya a ƙofar kicin ina kallonta tana tura sandar nan da gwiwar hannu, da kafaɗa, tana hutawa tana komawa, kusan rabin awa kafin ruwa ya zubo. Kwalbar magani kuwa ko motsi. Na fizge ta na murɗe, mai fushi kuwa ba ya sanin nauyin abu. Da zarar an buɗe su sau ɗaya, sauran yinin sai ta yi ta buɗewa tana rufewa ba wahala. Na tuna likita ya ce ciwon nan da safe ya fi tsanani, gaɓɓai suna sandarewa. Na ce to ai shi ke nan, ga amsa. Safiya ta biyu haka, ta uku haka.

Rana ta huɗu na sauko da akwatinta daga saman kabad na fara ninke kaya. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta miƙo sandar birkin nan ta ɗauke wata riga daga cikin akwatin ta mayar kan gado. Na mayar. Ta sake ɗaukewa. Na ce, "Inna, magani ba wasa ba ne. In ba ni nan wa zai buɗe miki?" Ta ajiye sandar ta koma kujerarta. Baba da ya dawo ya ga akwatin a buɗe, ya wanke hannu, ya ce ba ya jin yunwa.

Safiya ta biyar ƙishirwa ta tashe ni da wuri. Baba ya riga ya fita, Inna ba ta fito ba. Na ɗauki kofi na tura sandar famfo da hannu ɗaya. Ko gezau. Na ajiye kofin na sa hannu biyu, sai da na dafa ƙafa da bango sannan ya saki. Na tsaya ina kallon ruwan yana zuba. Ni ce na rufe famfon nan jiya bayan wanke-wanke, kuma da yatsa ɗaya na tura shi. Na ɗauki kwalbar magani, ni mai lafiyayyen hannu sai da tafina ya yi ja. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Kashegari gari na wayewa na shiga kicin na zauna a kan buhun shinkafa bayan ƙofa. Ba a jima ba sai ga Baba, ya sa rigar aiki, yana ɗan waƙarsa ta hanci wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Bai gan ni ba. Ya taɓa butar shayi ya ga tana lilo daidai. Ya gyara zaman cokali. Ya zo wurin famfo, ya ɗora hannu a kan sandar, ya ƙara mata juyi kaɗan. Ya ɗauki kwalbar magani ya duba ko saura nawa, ya rufe, ya ƙara juyi kaɗan. Ya yi wa sukari haka. Idonsa ma ba a kansu yake ba, yana kallon taga ne. Ya goge hannu a wando ya fita.

Na san juyin nan. Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon ya san shi. Lokacin da Baba yana koyon aiki, ya taɓa ɗaura tayar gaba ya bar noti ɗaya da sauran sassauci. Mai keken yana gangara tayar ta fice, mutumin ya rasa haƙora biyu. Tun ranar, duk abin da Baba ya ɗaure, in ya kai ƙarshe sai ya ƙara masa kwatan juyi. Juyin Allah-ya-kiyaye yake ce masa. Da shi ya yi suna, ba a taɓa dawo masa da keke an ce wani abu ya kwance ba. Na girma ina kallonsa kullum, amma ko sau ɗaya ban taɓa kawo shi kusa da famfon gidanmu a tunanina ba.

"Kin gani ke nan."

Inna ce a bakin ƙofa, tana dafe da bango.

"Kin sani?"

"Tun shekarar farko."

Raina ya tashi. "Kin sani kika zauna da ƙishirwa har azahar? Kin sani kina kallona ina ninke miki kaya? Inna, baki fa aka yi miki."

Ta lallaɓa ta zauna a 'yar kujerar gaban famfo. "Rage murya, bango yana da kunne. Da juyin nan aka biya miki makaranta. Shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya, ba shi da wani. Wata biyu ya yi yana dawowa da ƙuna a yatsu don ya yi mini cokali. In dube shi in ce hannunka ne yake hana ni ruwa?" Ta shafa sandar famfon da bayan hannu. "Kuma ke ba ki san ubanki ba. Bai iya cewa ki kula da kanki ba, bai taɓa iyawa ba. In zai fita sai ya zaga ya ɗaure komai. Ina kwance ina jinsa. Sallamarsa ke nan."

"Sai ki bari a ɗauke ki saboda sallama?"

"Kullum cewa nake gobe zan iya buɗewa."

Na so in yi kuka, amma ni in kuka ya zo mini faɗa yake zama. Na ɗauki mayafi na nufi shago.

Na same shi ya kifa wani keke yana saurare. Ban jira tayar ta tsaya ba, na sa hannu na tsayar da ita, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na faɗa masa duka, kuma ban zaɓi kalmomi ba. Mai aski ya leƙo ya koma. Baba bai katse ni ba. Da na gama ya buɗe hannuwansa biyu yana kallonsu, baƙin giris ya zauna a kowane layi.

"Ni nake yi?"

"Kai kake yi, Baba. Kowace safiya."

"Ranar da matar direba ta same ta ma?"

Na gyaɗa kai. Ya zauna a kan benci a hankali, sai na ga ashe ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Nan take na yi da-na-sanin rabin abin da na faɗa. Ya ce, "Ban san ina yi ba. Wallahi ban sani ba." Sannan ya ce, "Sabo turken wawa," ya tashi ya fara zuba kayan aiki a jaka. Ya ba mai keken haƙuri ya ce ya dawo jibi, ya ja ƙofar shago tun da hantsi.

Na ɗauka zai ce ya daina. Bai ce ba, don ya san hannunsa ya fi shi taurin kai. Abin da ya yi shi ne ya ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe a jikin bango bayan famfo, daidai inda sandar ke kaiwa in ruwa ya ɗauke. Ya tura ta, ta bugi ƙarfen ta tsaya. Ya sa ƙarfinsa duka, ba ta wuce ba. Magani ya kai wa mai kemis ya tambaya, aka ce ba laifi a sauya masa mazubi in dai busasshe ne mai rufuwa, ya dawo ya juye shi a wani ɗan akwati mai murfin ɗagawa, ya sa masa zobe babba da za ta zura yatsa. Sukari ma haka. Kafin la'asar babu sauran abin murɗawa a kicin ɗin da hannunsa zai samu.

Inna tana zaune tana kallonsa tun da ya fara. Da ya gama ya tsaya a gabanta yana goge hannu. Ya ce, "Tela."

Ta ce, "Na ji. Je ka wanke hannu, ka ɓata mini bango."

Safiya ta bakwai na zauna a tsakar gida na harɗe hannuwa. Baba ya fito ya yi zagayensa, hannuwansa biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Ya dubi buta, ya dubi famfo, ya dubi akwatin magani. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo wajen ɗakinta, ya yi gyaran murya har sau biyu. Ya ce, "To, na tafi." Daga ciki ta ce, "A dawo lafiya."

Ta fito bayan rana ta ɗan ɗaga. Ta jiƙa hannu a ruwan ɗumin filas ɗin da aka bar mata a buɗe rabi, ta jira yatsun suka saki. Ta tura sandar famfo da gefen hannu, ruwa ya zubo tun turawar farko. Ta sha, ta sha magani, ta kunna wuta, ta sunkuyar da buta. Ta taje kanta. Maɓalli biyar na rigarta sun ci mata kusan minti goma, na uku ya zame sau huɗu, na danne hannuna a ƙarƙashin cinya don kada ya tafi da kansa. Wajen ƙarfe goma ta zo ta ajiye mini kofin shayi a gabana, ya ɗan zube a faranti. Ta zauna a kujerarta tana haki kaɗan.

"Malama, nawa na ci?"

Na ce ta ci. Na tashi na mayar da kayanta cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, na ɗora akwatin a sama.

Zan faɗi gaskiya, tunda na fara. Na yi murna, amma murnar da ɗaci a ƙasanta. Wata biyu na yi ina gyara ɗakin nan na kusa da nawa. Na sa labule mai ruwan ganye don shi take so, na sayo katifa mai tauri, na gaya wa yara kakarsu na zuwa. Ina ta cewa don hannunta ne. Ba don hannunta kaɗai ba ne. Shekara goma sha biyar ke nan rabon da in farka in ji motsin uwata a ɗaki na kusa, kuma ciwon ya ba ni hujjar da ba wanda zai iya musawa. Ban gane haka ba sai da hujjar ta kuɓuce mini.

Kashegari da zan tafi, Inna ta ce in dakata. Ta shiga kicin ita kaɗai ta daɗe, ta fito da gorar ruwa ta roba a rungume a ƙirji. "Hanya da nisa. Ni na cika, ni na rufe." Na sa ta a jakar hannu. Baba ya raka ni tasha yana tura keke da akwatina a kariyar baya, da na shiga mota ya ce in gaida yara.

Kujera biyu na kama tun kafin in zo, na gaba, don ƙafafun Inna su samu wurin miƙewa. Direba ya tambaya ina ɗayan fasinjan, na ce ta fasa, ya sa wani. Ya sa wata mata mai kwando.

Mun yi kamar rabin awa muna tafiya na ji sanyi a cinyata. Na buɗe jaka. Murfin gorar yana zaune a karkace, juyi ɗaya da rabi, iya abin da ta iya ke nan. Ruwan yana fita ɗigo-ɗigo, ya jiƙa hankicina da gefen littafina, ya ratsa jakar har zane.

Matar da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, gorarki na yoyo. Kawo in ɗaure miki."

Na ce, "Bar shi, na gode. Innata ce ta rufe."

Na fito da gorar na riƙe ta a tsaye da hannu biyu har muka isa.